Turmin da Muke Kifewa Don Yaya

Tsofaffin sojoji ne suka fara isowa. Tun ba a gama share tsakar gida ba suka shigo, kowa da sandarsa, kowa ya maƙala lambobinsa a kan rigar da ta yi masa yawa. Suka jeru a ƙofar ɗakin yayana suka ƙame. Wanda ya fi su tsufa ya ɗaga hannu zai sara, hannun ya ƙi kaiwa goshi, ya tsaya wajen kunne. Ya ce, "Saje, ka riga mu tashi daga fareti." Daga nan ya nemi kujera.

Bayansu matan zumuntar coci suka zo da tukwanen kiɗansu. Danginmu Musulmi na Rikoto suka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa suna jan carbi. Haka gidanmu yake tun kakanni, rabi coci rabi masallaci, tuwo ɗaya. Kowa da abin da ya tuna. Wata gwauruwar soja ta ce yayana ne ya riƙa nome mata gona har 'ya'yanta suka iya riƙe fartanya. Wani ya ce Yaya ya taɓa marinsa a kan dukan jaki, kuma har yau yana gode masa.

Amma duk yawan jama'ar nan, gidan bai yi ƙara ba. Kowa ƙasa-ƙasa yake magana, har masu kukan a cikin zani suke yinsa. Wata baƙuwa daga Danko ta matso kusa da ni ta ce, "Gwaggo, wai gidan makoki ne nan ko ɗakin mai jego?"

Na ce, "Sabo ne, ɗiyata. Mai gidan nan shi ya koya wa unguwar nan magana a hankali."

Na nuna mata turmin. Yana tsakiyar gida, a kife, bakinsa a ƙasa. Tun ranar da aka fitar da Yaya zuwa asibiti yake nan a haka, ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Dakan abincin makoki ma a maƙwabta ake yi.

A gefen turmin nan ne babbar ɗiyar Yaya ta tsaya, ranar da ta iso daga birnin da take aure, ta nuna matar ƙanenta da yatsa a gaban mutane. Ta ce, "Tun ina goye Baba yake da ciwon nan. In ya zo, a kife turmi, a ja masa ƙofa, ya kwanta ya tashi. Wa ya aike ki ki fito da shi tsakar rana, ki ɗora shi bayan mota kamar buhun gawayi, ki kai shi inda ake ihu da fitilu? Ke kika kashe mana uba."

Matar auta ta juya. Ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta a zani, tana jiran a watse ta kama hanya. Mijinta, autan Yaya, yana bakin daga, waya ba ta shiga inda yake. Ƙauyen iyayenta kuwa na wajen Bena tuni 'yan bindiga suka mayar da shi kango. In ta fita daga gidan nan da wannan suna a kanta, ba ta da inda za ta sauke shi.

Ni ban shiga aji ba, ko sunana ban iya zanawa ba. Bakina ne alƙalamina, na faɗa an rubuta. Amma a unguwar nan ba a taɓa ba da labari a karkace a gabana na bar shi ya wuce ba, balle labarin wanda muka sha nono ɗaya. Don haka ku zauna, in gaya muku waye Yaya, da abin da turmin nan yake nufi.

Dogo ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, da tsagen gidanmu a kumatu. A lokacin golmo, sa'ad da samarinmu ke yi wa surukai noma kafin a ba su mata, shi ke cin gaba a kunya, sauran na haɗiyar ƙurarsa. Daga gona ya shiga soja, ya yi yaƙin basasa, ya zaga barikoki, ya dawo da igiya uku a hannu da fansho da ba ya isa komai. Ba ya tsoron maciji, ba ya tsoron mai mulki. Ni kaɗai yake cewa yana tsoro. Yakan ce, "Harsashi yana ƙarewa, bakin Rediyo ba ya ƙarewa." Rediyo yake kirana, har ya mutu.

Abu ɗaya ne ke kwantar da wannan ƙato, ciwon kai. Ya sa masa suna Manjo, sunan muƙamin wani hafsa da ya gasa musu aya a hannu a bariki. Yakan ce, "Sai dai wannan Manjon ya fi wancan ladabi, shi yana turo ɗan aike." Ɗan aiken kuwa wani ƙyalli ne da yake gani a gefen idon hagu, mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto. Sai hamma ta kama shi. Sai ya ajiye duk abin da ke hannunsa ya ce, "Manjo na hanya." Kafin tukunya ta tafasa ciwon ya sauka, ɓarin hagu kaɗai, a bayan ido, yana bugawa kamar ana daka a ciki. Haske ya zama wuƙa. Kukan kaza ya zama aradu. Ga amai, har ya rasa abin amayarwa.

Sai ya shige ɗaki ya ja bargon soja ya rufe kai. In na tsokane shi na ce, "Saje ya gudu," daga cikin bargon zai amsa, "Soja ba ya gudu, Rediyo. Wuri yake canjawa."

Marigayiya matarsa ce ta ƙirƙiro kife turmi. Ta lura in ta tsaya tana "ku yi shiru, ku yi shiru," ita ma ƙara take yi. Sai wata rana ta mirgino turmi tsakar gida ta kife shi. Shi ke nan. Duk wanda ya shigo ya gani, ya san Manjo ya zo. Mai tallar manja ta haɗiye kiranta. Yara su cire takalma su riƙe a hannu. Maƙwabta su rage rediyo. Ranar ba daka, sai dafaffen rogo ko wake, kuma ba mai ƙorafi. Da ciwon ya sake shi, shi da kansa yake fitowa, ido a kumbure, ya tayar da turmin ya ce, "An sallami fareti. Ina tuwo?" Matar ta rasu, al'adar ta zauna.

Mun taɓa ɓatawa a kan ciwon nan, ɓatawa mai tsanani. Bayan rasuwar mijina na dawo gidan Yaya, sana'ata daddawa. Kun san daddawa in tana nuna ba ta ɓuya. Wata safiya ya fito ya ce warin ne ke kira masa Manjo, na ce hancinsa ne ya yi boko. Ya ɗauki ƙwaryar kalwata da na sha wuyar dafawa ya watsar a bayan danga. Na ce, "Ka watsar da gumina, sai ka roƙe ni kafin in sake gaishe ka." Ya ce, "Saje ba ya roƙon kurtu." Damina guda muna wuce juna kamar baƙi. Miyarsa ba daddawa, na tabbatar da haka. Rannan na fita wajen gonar bayan gida, can gindin dutse inda iska ke kaɗawa ta yi gaba, sai na tarar da sabuwar bukka, da murhu, da manyan tukwane biyu. Bai ce shi ya gina ba. Ni ma ban ce na gani ba. Da yamma na sa masa daddawa a miya. Ya kai loma ɗaya ya ce, "Yau an bar yajin aiki?" Na ce, "Ci ka yi shiru." Roƙon da ya yi ke nan, kuma na karɓa.

Ba abin da ba a yi wa kan nan ba. Wanzami ya kafa ƙaho. An yi masa tsaga a gefen ido, tabon na nan har aka rufe shi. Fasto ya ɗora hannu, ɗan'uwanmu malami ya kawo rubutu, dattawan kan dutse sun karɓi baƙar kaza. Masu kemis kuwa bakinsu ɗaya, maleriya da taifod. Ya sha maganin taifod da zai ishi bataliya. Wani ya riƙa yi masa wata allura mai sa maye, ya kwana kamar gawa, ya tashi ciwon ya dawo da ƙannensa.

Amma shi a ransa ya riga ya yanke abin da ke damunsa, kuma ni kaɗai ya gaya wa. Ya tafi yanzu, na ga gara a sani. A yaƙi, a wani daji mai ruwa, sun yi kiciɓis da wani yaro na ɗaya ɓangaren, gemu bai fito masa ba. Yaya ya riga shi ɗana kunama. Da ya je kansa, ya ga ta idon hagu harsashin ya shiga. Ya ce mini, "Rediyo, ina ciwon nan yake kama ni? To shi ne. Yana zuwa karɓar idonsa." Shi ya sa bai taɓa yarda da asibiti ba. Ya ce alhaki ba ya jin allura.

Shekarun baya, furfura ta riga ta cinye kansa, Manjo ya zo ya ƙi tafiya. Kwana da kwanaki turmi a kife. Ko ruwa ya sha sai ya dawo. Leɓensa ya bushe, idonsa ya faɗa. Na ce wa samarin gida su ɗauke shi, in ya warke ya kai ni kotun soja.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin gaggawa na asibiti ba, wanda suke kira imajansi, bai san hayaniya ba. Ga waɗanda babur ya zubar ana ɗinke su, ga wanda maciji ya sara danginsa na kururuwa, ga fitila fara fat a kan kowa, ga warin maganin goge ƙasa. Yaya ya dunƙule cikin bargonsa yana nishi. Na ce a raina, yau na kawo ɗan'uwana lahira da ƙafata.

Sai ga wata 'yar siririyar likita, Basakkwata, da za ka rantse ba ta gama sakandare ba. Yaya ya leƙo da ido ɗaya ya ce, "Ku kira min babanta."

Ta ce, "Babana na Sakkwato yana sayar da albasa, Baba. Yau ni kas samu."

Ba ta ce taifod ba. Abin da ta fara yi, ta sa aka tura gadonsa can ƙuryar ɗaki, ta karɓi mayafina ta ba nas ta rataya a taga, ta kashe fitilar da ke kansa. Sannan ta durƙusa, ta rage murya kamar wadda ta girma a gidanmu.

"Baba, ina yaka kama ka? Duk kan, ko ɓari guda?"

"Hagu."

"Kahin shi taho, kana ganin wani abu?"

Ya yaye bargon ya dube ta sosai. Duk masu maganin da ya bi, ba wanda ya taɓa tambayarsa ɗan aike. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta yi ta tambaya. Haske na damunsa? Ƙara fa? Wari fa? Nan na yi gyaran murya, ya harare ni. In ya wuni bai ci ba, yana zuwa? In bai yi barci ba fa? Irin wanda ya saba ne, ko na yau daban ne? Ta auna jininsa, ta taɓa jikinsa ko da zazzaɓi. Ta tallafi ƙeyarsa ta sunkuyar da kan har haɓa ta taɓa ƙirji. Ta haska idonsa da 'yar tocila tana ba shi haƙuri. Ta ce ya matse yatsunta da hannun dama, da na hagu, ya yaƙe haƙora, ya ɗaga ƙafa.

Ya ce, "Yarinya, fareti za ki sa ni?"

Ta ce, "Ai ka ci jarrabawa, Saje."

Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka zuba allurar tsayar da amai da ta ciwo a ciki. Ya ce a yi masa waccan mai sa maye, ta ce a'a, ita ce ke sa ciwon komowa. Ina zaune ina kallo, fuskar nan da ta tattare ta riƙa sakewa kamar ganyen da aka yi wa yayyafi. Ya yi barci. Da la'asar ya farka ya ce, "Ina tuwo?"

Likitar ta dawo da takardar gwajin jini, ta ce ba maleriya ba taifod. Ta ce sunansa ciwon ɓarin kai, mutane da yawa na da shi, ba ya kisa amma yana wahalarwa, kuma yakan bi jini. "A gidanku wa ad da shi?"

Yaya ya ce, "Ba kowa."

Na ce, "Ƙarya kake, Saje. Inna fa?"

Ya juyo. Na ce, "Ka manta Inna na ɗaure kai da igiyar rama ta shige bayan rumbu, mu kwana ba tuwo? Ana cewa iskokin rafi ne? Kai kanka, ka manta ranar golmo da ka durƙusa a kunya kana amai, ka rufe ido da hannu, abokanka na yi maka waƙar raggo? A lokacin ko bindiga ba ka taɓa gani ba sai ta maharba."

Ya ƙura wa bango ido.

Kafin ta sallame mu ta ba shi ƙwayoyin da zai sha da zarar ɗan aike ya bayyana, ta ce kada ya jira ciwon ya zauna, kada ya zauna da yunwa. Na ba ta labarin turminmu, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ya fi rabin magungunan da ke kantin asibiti. Sai kuma ta daina dariyar. Ta ce, "Amma ku saurara, ku biyu. Wanga ciwo kun san shi, kun san tahiyarshi. In wata rana wani ya zo da ba ku sani ba, wanda ya faɗo lokaci guda kamar an buga mai gatari, ko wuya ya sanƙare, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya mutu, to kada ku kihe turmi. Kada ku ja ƙofa. Ku ɗauko shi ko yana zagin ku."

A hanyar gida ya ce ba zai hau babur ba, a ƙafa za mu taka. Mun zo daidai inda ake hango dutsen garinmu na asali, sai ya tsaya ya zauna a kan wani kututture. Can ya ce, da yarenmu, "Ashe gadon Inna ne. Ashe yaron nan bai bi ni ba. Ni ne nake ta binsa." Ban taɓa ganin hawayen Yaya ba, ko ranar da aka binne matarsa. Ranar na gani. Na juya baya ina gyara ɗaurin zani har ya gama.

Daga ranar ya sake. Ya riƙa yawo da ƙwayoyinsa a aljihu da ƙulli na gyaɗa. Ya samo sabuwar magana, "Wanda bai karya ba kada ya yi gardama." Da tsufa ya ƙara kama shi, Manjo ma ya tsufa, zuwansa ya yi nisa da juna. Yakan ce, "Shi ma ya yi ritaya, sai dai ya leƙo gaisuwa."

A cikin shekarun nan ne auta ya auro yarinyar nan. Ba a daɗe ba aka tashi ƙauyensu. Yaya ya ɗauki hayar mota da kuɗin fanshonsa ya kwaso uwarta da ƙannenta, ya ba su ɗakin marigayiya har suka sami inda suka raɓa. Auta na daji, sauran 'ya'ya na birane. Ita ke dama masa kunu, ita ke yanke masa farce, ita ta gane hammar yunwa da hammar Manjo. Yana kiranta Kofur.

Wata rana ina gindin ɗorawa ina ɓarar gyaɗa, da kunnena na ji ya kira ta. Ya ce, "Kofur, tsaya nan. Ga oda. In na ce Manjo na hanya, me za ki yi?"

Ta ce, "In kawo ƙwaya da ruwa, in kife turmi, Baba."

"In kuma na ce baƙo ne? Ko na kasa cewa komai?"

"In nemo mota."

"In matan gida suka hana ki?"

Ta yi murmushi ta ce, "In ba su haƙuri."

Ya buga sanda a ƙasa. "Ba haƙuri! Ki bi ta kansu. In Rediyo ce ma ki bi ta kanta."

Na ce daga inda nake, "Ta gwada ta gani." Muka yi dariya mu uku. Wa ya san ranar na tafe.

Ranar ina Danko wajen suna. Da hantsi Yaya yana zaune yana gyara ƙotar fartanya, sai ya saki fartanyar ya dafe ƙeya da hannu biyu. Ba ido ba, ƙeya. Ya ce, "Wa ya buge ni?" Matan gida suka yi abin da ƙauna ta koya musu tun suna amare. Wata ta ruga ta kife turmi, wasu suka kama shi suka kai ɗaki suka ja ƙofa, aka kori kaji. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya yi aiki sau ɗari, wa zai ce na ɗari da ɗaya ne zai ci amana?

Matar auta ta dawo daga rijiya ta ga turmi. Ta shiga ta durƙusa a kansa. "Baba, ɗan aike ya zo?" Ya ce a'a. "Manjo ne?" Da ƙyar harshen ya juya. Ya ce, "Baƙo ne."

Ita kaɗai ta ji. Ta fita a guje ba ɗankwali, ta taso maƙwabcinmu mai a-kori-kura. Matan gida suka tare ƙofa. "Ke, yaushe kika zo gidan nan da za ki koya mana ciwon Baba?" Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi babba ba, ranar ta sa kafaɗa ta bi ta tsakiyarsu.

Ni a ɗakin gaggawar na same su, ana kiran azahar. Ɗakin na nan yadda na bar shi, ihu da fitila. 'Yar Basakkwata ta daɗe da barin garin, wani likita ne mai furfura a gemu. Na ga ya yi duk abin da waccan ta yi. Ya tallafi ƙeya zai sunkuyar da kai, wuyan ya ƙi, ya tsaya kamar taɓarya. Ya ce a matse yatsunsa, hannun dama ya matse, na hagu yana kwance kamar ba nasa ba. Tun kafin ya buɗe baki na san ba mu ci jarrabawar nan ba.

Ya ja mu gefe. Ya ce wannan ba ciwon ɓarin kai ba ne, jijiya ce ta fashe a cikin kai. Ya ce hoton ƙwaƙwalwa da masu aikin sai babban birni, kuma a yadda yake hanyar za ta karɓe shi kafin a isa. Za su yi abin da za su iya, su sassauta hawan jinin, su rage masa azaba. Matar auta ta ce, "Likita, ko fito da shi da na yi ne?" Ya ce, "A'a, ɗiyata. Tun yana zaune a gida abin ya faru. Da kin bar shi a ɗaki, da shi kaɗai zai tafi cikin duhu, kuna waje kuna tafiya da sanɗa."

Na cire mayafina na rataya a taga da kaina.

Wajen la'asar ya buɗe ido. Ya daɗe yana nemana da shi. Bakin ya karkace, amma na ji.

"Rediyo."

"Na'am, Saje."

"Kofur ta bi oda." Ya huta. "Ki watsa."

Na ce, "Yaushe ka taɓa roƙona in yi magana?"

Gefen bakin da ke da rai ya motsa. Ya riƙe hannuna da na damansa, yarinyar na shafa masa ruwa a leɓe. Can ya ce, da yarenmu, "Inna ta kwance igiyar?" Na ce ta kwance, ta warke, tana tuƙa tuwo. Bai sake magana ba. Washegari rana na fitowa ya cika, hannunsa a cikin nawa.

Wannan shi ne abin da na faɗa a tsakar gida ranar da za a watse, a gaban sojoji da matan zumunta da na kan tabarma. Na sa aka fito da matar auta da ƙullin kayanta, na sa babbar ɗiya ta zauna a gabana. Ban ɗaga murya ba, ba a ɗaga murya a gidan nan.

Da na kai ƙarshe, babbar ɗiya ta ce, "Gwaggo, me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini zancen baƙon nan?"

Na ce, "Kin riga kin yi aure sa'ad da aka faɗe shi. In kin kira shi a waya kuma, me yake ce miki?"

"Lafiya lau. Kullum lafiya lau. Na ce masa zan zo da bikin Ista. Ban zo ba."

Na san dama nan ciwon yake. Yarinyar da ta yi ƙuruciyarta kaf da takalmi a hannu don kada ta tashi ubanta, ta zo ta tarar an rufe shi. Dole ta nemi wanda za ta ɗora wa. Na ce, "Uwarki ta kife turmin nan don ta kare shi, kuma ya kare shi. Ke kin san Manjo. Ita wannan ta san baƙo. Ba don ita ba, da ubanki ya tafi ba mai riƙe masa hannu, da ni ban ji muryarsa ta ƙarshe ba."

Na tashi na nufi turmin. Samari suka taso za su taya ni, na ce duk wanda ya taɓa sai na saɓa masa. Mai tayar da shi ya tafi, ni ce ta bayansa. Bayana ya yi ƙara, gwiwata ta yi ƙara, amma na tayar da shi. Ƙarƙashinsa ƙasa ta yi zobe mai danshi, gara har ta fara gini a bakinsa. Na goge da gefen zanina, na zuba dawa, na ɗauko taɓarya na miƙa wa matar auta.

Ta tsaya tana kallon babbar ɗiya, ba ta karɓa ba. Babbar ɗiya ta miƙe, ta share fuska, ta je ta ɗauki ƙullin kayan nan da hannunta ta mayar ɗaki. Da ta fito, ta biya ta jikin rumbu ta ɗauko ɗaya taɓaryar. Ta ce, "Kofur, fara. Na daɗe ban yi ba, ki bi ni a hankali."

Fasto ya ce inda Yaya ya tafi babu dare, haske ne ko'ina. Na ce to, Allah ya sa haske ne mai sanyi, wanda ba ya shiga ido. Allah ya haɗa shi da Inna ba igiya a kanta. In kuma ya gamu da yaron nan a can, Allah ya sa su gaisa.

Taɓarya ta farko ta sauka, ta biyu ta bi ta, lugude ya kama. Ƙarar ta cika gidan har ta dawo daga jikin dutse. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, na juya wajen ƙofar ɗakinsa, bakina ya buɗe zan ce, "Ku yi a hankali, Yaya na kwance."

Ƙofar a buɗe take, bargon na ninke a kan gado.

Na sauke hannuna. Na ce, "Ku daka da ƙarfi."